Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Akwai wani ciwo da ya yi yawa a tsakanin 'yan ƙwallo, amma da wuya ka ji yaro ya ambace shi. Ciwon kuwa shi ne na cikin cinya, daga can sama inda cinya ta haɗu da mara. Wanda ya yi targaɗe a idon sawu yakan nuna wa kowa, har ma ya yi fahari da bandeji. Wanda wannan ya kama kuwa sai ya yi shiru, domin wurin na kunya ne. Na yi fama da shi, shi ya sa na ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da na koya.

Ni ɗan Kakuri ne, a kudancin kogin Kaduna. A unguwarmu, da Makera da Barnawa, duk filin da ka gani da yamma cike yake da yara, kowa yana mafarkin ya zama Daniel Amokachi, wanda ya taso a Kaduna ya buga wa Ranchers Bees kafin duniya ta san shi. A gasar gidaje ta makarantarmu ta 2024, na miƙa ƙafa in tare ƙwallo, sai na ji wani abu ya tsire ni a gindin cinya. Washegari ko sauka daga gadon sama sai da aka kama ni. Malamin ɗakin shan magani ya sa mini ƙanƙara, ya hana ni gudu, ya ba ni takarda in kai gida.

Da aka yi hutu, shawara ta rabu biyu. Kakata ta ce kaluluwa ce, a kira wanzami ya yi ƙaho. Babana kuwa, tun da aka rufe masaƙar da yake aiki a 2002 bai sake samun albashi ba, ya daɗe yana juya takardar a hannu. Daga bisani ya ce, “Tashi mu je.” Muka je asibiti, likita ya duba ya tabbatar ba ƙaba ba ce, ba kuma kaluluwa ba, ya tura mu sashen gashin ƙashi.

Na zaci za a kwantar da ni a gasa wurin a yi tausa. Ashe ba haka ba ne. Ma'aikaciyar ta ce, “Ɗana, matse hannuna da gwiwoyinka.” Ina matsewa na yi ƙara. Ta bayyana mana cewa akwai tsokoki biyar da suka taso daga ƙashin mara suka gangara ta cikin cinya. Su ne ke jawo ƙafa ciki, su ke aiki idan ka buga ƙwallo da cikin sawu ko ka yi kwana da gudu. Jijiyar da ta ɗaure su da ƙashi ita ce ta ji rauni, kuma jini ba ya isa gare ta da yawa kamar yadda yake isa tsoka, don haka warkewarta sai a hankali. Zama kawai yana kwantar da zafin, amma yana barin tsokar ba ƙarfi, ranar da ka koma fili sai ciwon ya dawo.

Maganin da ta ba ni atisaye ne. Da farko in kwanta rigingine in matse ƙwallo tsakanin gwiwoyina na daƙiƙa 30, sau 10. Bayan mako biyu aka ƙara tsayuwa da ƙafa ɗaya da motsa tsokar ciki. Daga nan sai sassarfa, sannan gudu a miƙe, kwana da bugun ƙwallo su ne na ƙarshe. Duk abin da ya tayar da zafi mai tsanani, sai a koma baya mataki ɗaya. Babana ya ji daɗi ƙwarai, domin tabarma da tsohuwar ƙwallo kaɗai ake bukata. Cikin mako na goma na koma fili.

Wannan hanya ba shaci-faɗi ba ce. A 1999 wani likita a birnin Kofanhagan na ƙasar Denmak, Per Hölmich, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da 'yan wasa 68 masu tsohon ciwon nan. Ya raba su biyu. Cikin waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa tsoka, 23 suka koma wasa ba ciwo. Cikin waɗanda aka yi wa tausa da na'ura da miƙe tsoka kawai, 4 ne suka koma. A Najeriya ma aikin ba baƙo ba ne: an fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da shi a matakin digiri a 1966.

Abin da ya fi damuna shi ne wani abokina a ɗakin kwananmu. Ya ɓoye nasa zango guda, yana shafa man zafi da dare cikin bargo, yana buga wasa da ɗingishi don kada a cire shi. Yau shekara ta kusa zagayowa bai koma fili ba, ga shi ya fi ni iya ƙwallo nesa ba kusa ba.

Saboda haka, 'yan'uwana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ji zafi a wurin nan, gaya wa malamin wasanni tun yana ɗanye. In kuwa akwai kumburi, ko zazzaɓi, ko zafin ya sauka gaba farat ɗaya, wannan na asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba. Ku kuma iyayenmu, in kun ga yaro ya dawo hutu yana taka ƙafa a karkace, ku ja shi gefe ku tambaye shi. Sau da yawa jira yake a fara yi masa maganar.