Ranar Wanka Ba a Ɓoye Cibi

A wannan fitowa ina so in ba ku labarin wata 'yar takarda mai kalmomi 250 da ta hana ni barci, ko wani zai tsira daga kuskuren da na yi.

Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a nan Amurka, sai na aika da tsakuren bincikena ga wani ƙaramin taron ƙwararru, ina neman a ba ni damar yin jawabi. Binciken a kan ƙaurace wa rigakafin shan inna ne da aka yi a Kano a 2003, wanda ba a janye ba sai a watan Yulin 2004. Sashenmu ba ya biyan kuɗin jirgi da masauki sai ga wanda aka karɓi tsakurensa, ni kuwa aljihuna ba ya kai ni ko'ina. Bayan makonni aka amso mini da cewa ba a karɓa ba.

Na kai kukana wajen wata yayarmu 'yar Nijar, likita ce mai digiri na uku. Ta karanta, ta ja layi a kan jimloli biyar na farko, ta ce, "Ƙanena, wannan duk gaisuwa ce. Ina saƙon?"

Na ce, "Ai Yaya, saƙon sai a wurin jawabi zan faɗe shi."

Ta yi dariya ta ce, "To wa zai ba ka wurin jawabin? Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Gaskiyarta. Na ɓata rabin takardar ina bayanin mene ne shan inna, ga mutanen da aikinsu ke nan. Sannan na rufe da cewa "za a tattauna sakamakon". Kunya ce irin tamu ta gida, wadda ke hana yaro ya ce "na gano kaza" a gaban manya. Amma mai tantancewa bai san ni ba, galibi ma ba ya ganin sunan marubuci. Takardu ne jibge a gabansa, tambayarsa ɗaya: me mai sauraro zai koma gida da shi?

Muka sake shiri don babban taron shekara na ƙungiyar ma'aikatan lafiyar al'umma ta Amurka, wato APHA, wadda aka kafa a 1872. Taron 2024 a birnin Miniyafolis aka shirya shi. Yaya ta ce in fara da sanin garin da masu zuwa taron. Nan na karanta cewa a 2017 ƙyanda ta ɓarke a jihar Minesota, ta kama mutum fiye da 70, akasarinsu yaran 'yan asalin Somaliya da ba a yi wa rigakafi ba saboda jita-jita. Ashe matsalar da nake ɗauka ta garinmu ce kaɗai tana nan a ƙofar zauren taron.

Sai na juya tsakuren. Jimlar farko ta tafi kai tsaye ga matsalar: idan al'umma ta daina yarda da ma'aikatan lafiya, ƙarin hujjar kimiyya kaɗai ba ya dawo da ita. Na faɗi hanyar da na bi a layi biyu. Sannan na bayyana abin da na gano ƙarara, wato rawar da sarakuna da malamai suka taka, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020.

Akwai kuma gurbin manufofin koyo. Ƙungiyar tana son a fara su da aikatau da za a iya aunawa, kamar "kwatanta" ko "lissafa", ba "fahimta" ba. Na rubuta cewa mai sauraro zai iya lissafa matakai uku na jawo shugabannin al'umma cikin aikin rigakafi. Wannan layin ya tilasta mini sanin ko ina da matakan uku da gaske. Biyu nake da su. Sai da na koma cikin bayanaina na mako guda kafin na tsayar da na ukun.

An karɓa. Ranar da saƙon ya zo na buga wa mahaifiyata waya, ta ce, "To, Allah ya sa su ji abin da za ka faɗa."

Shawarata gare ku ita ce, ku karanta ƙa'idar taron sau biyu, ku kiyaye adadin kalmomi, ku ba wanda ba ya jin nauyinku ya duba kafin ku aika. Gaisuwa kuwa a ajiye ta sai an haɗu a zaure.