Kifin Lofoten a Tukunyar Tafashiya

Masu iya magana sun ce wanda bai taɓa cin tuwon gidan wani ba, shi ke cewa uwarsa ta fi kowa iya miya. Mu mutanen tsakiyar ƙasar Katsina, tun daga Kankiya har Kusada, muna cikin masu wuyar sha'ani a kan abin da za su kai baki. In ba tuwon dawa da miyar kuka ba ne, ko fura da nono, ko ɗanwake, sai ka ga mutum yana juya cokali yana tambayar wa ya kawo wannan. Duk da haka akwai wani baƙo da ya daɗe yana shiga tukwanen Nijeriya, daga can ƙarshen duniya ta arewa ya fito, kuma da yawanmu ba mu san sunan garinsu ba. Ina nufin busasshen kifin nan mai tauri kamar icce, wanda Yarabawa ke kira panla, mutanen Ibo kuma okporoko, saboda ƙarar da yake yi in ya bugi tukunya.

Ni dai ta hannun wata 'yar bautar ƙasa na san shi, wadda aka turo makarantarmu daga gabashin ƙasar nan. Duk ƙarshen wata sai ta hau mota zuwa Kano, ta shiga kasuwar Sabon Gari, ta dawo da kawunan kifi a ƙunshe cikin takarda. Ran da ta ba ni guda biyu, na juya su na sake juyawa, ba tsoka, ba maiƙo, sai ƙashi da fata da wani wari mai naci. Ta ce mini, "Anti, ki jiƙa shi ya kwana, gobe ki sa a miya, ki ba ni labari." Na jiƙa, na sa a miyar kuɓewa ɗanya. Maigida ya ci ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, yau me kika ƙara?" Daga nan na shiga neman asalin wannan kifi, da yadda masu shi ke cin sa a gidajensu, kuma neman ya kai ni nesa fiye da yadda na zata.

In mai karatu ya buɗe taswira ya bi yammacin Turai ya yi ta hawa, zai tarar da ƙasashe uku da ake kira Sikandinebiya, wato Norwe da Suwidin da Danmak. A gaɓar Norwe ta arewa akwai jerin tsibirai masu duwatsu da ake kira Lofoten, inda a tsakiyar hunturunsu rana kan yi makonni ba ta leƙo ba. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, wani kifi da suke kira skrei yakan taso daga Tekun Barents ya gangaro bakin waɗannan tsibirai don ya yi ƙwai. Masunta su kama, su cire kai da kayan ciki, su ɗaure bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan manyan ragaya na katako a fili. Ko ƙwayar gishiri ba a sa masa, hayaƙi ma ba ya ganin sa. Iska ce kawai da sanyin da bai kai ya daskarar da tsoka ba, bai kuma yi sauƙin da ƙuda zai samu shiga ba. Daga Fabrairu zuwa wajen Mayu ko Yuni kifin yana rataye, har ya zubar da mafi yawan ruwan jikinsa, ya zama abin da zai shekara da shekaru bai lalace ba.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. Ɗaruruwan shekaru birnin Bergen ya yi yana cin arzikinta. A 1432 wani ɗan kasuwar Benis mai suna Pietro Querini, wanda jirginsa ya lalace a teku, ya tsira a tsibirin Røst, ya koma gida da wannan kifi, kuma har yau Italiya ke sayen mafi kyawunsa. Mu kuwa kawuna da ƙananan daraja ne rabonmu. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da yunwa ta kumbura cikunan yara a yankin Biyafara, wannan kifi yana cikin kayan agajin da jiragen ƙungiyoyin coci suka riƙa saukewa da dare a filin Uli, domin ba ya ruɓewa a hanya kuma yana gina jiki. Abin da ya zama abincin ceton rai a wancan lokaci, yau shi ne adon miyar biki a kudu.

Wani abin da ya burge ni shi ne ba sa zubar da komai. Hanta a tatse mai, shi ne man kifin nan da ake ɗura wa yara da cokali suna yamutsa fuska. Ƙwai a dafa. Harshen kifin ma yara ne ke yanke shi bayan an tashi makaranta, su sayar su tara kuɗin kansu. Kan da ya rage a shanya, a cusa a buhu, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Legas.

Da na karanta yadda suke dafa shi a lokacin bikin Kirsimeti, dariya ta kama ni. Suna da wani girki mai suna lutefisk. Za a jiƙa busasshen kifin a ruwan sanyi kwana biyar ko shida, a mayar da shi cikin ruwa mai kaifi kamar kwana biyu, a sake jiƙa shi a ruwan zalla na wasu kwanaki har kaifin ya fita, sannan a dafa. Wannan ruwa mai kaifi kuwa, a da can da tokar icce suke yin sa. Jama'a, ashe ruwan toka ne! Shi ne dai wanda kakata ke tatsa daga tokar karan gero a cikin tsohuwar ƙwarya mai huji, ta ɗiga a miya don ganye ya yi laushi. Mutanen da ba su taɓa jin sunan juna ba, ɗaya a cikin ƙanƙara, ɗaya a cikin ƙura, talauci da hankali sun kai su ga dabara guda. Ni ban bi su har kwana goma sha biyu ba, domin zafin garinmu ba zai bar kifi ya yi wannan zama a ruwa ba. Nakan jiƙa shi dare ɗaya da ɗan ruwan toka kaɗan, in ɗauraye sau uku da safe, ya yi laushi ya shiga miya.

Daga kifi na gangara zuwa nama. Yawancin girkinsu na nama ba namu ba ne, domin suna haɗawa da alade, amma akwai guda da ya halatta tun daga tushe, kuma shi ne 'yan Norwe suka zaɓa a 1972, ta wani shirin rediyo, a matsayin abincin ƙasa. Sunansa fårikål, ma'anarsa tunkiya cikin kabeji. Kayan haɗinsa ba su wuce yatsun hannu ba: naman rago da ƙashinsa, kabeji, gishiri, baƙin yaji ƙwaya-ƙwaya, da ruwa. A jera nama a ƙasan tukunya, ɓangaren kitse yana kallon ƙasa, a bi da kabeji yankan manya, a barbaɗa gishiri da yaji, a sake jera nama, a sake kabeji, har tukunya ta cika. A zuba ruwa kaɗan, a rufe, a bar shi a wuta mai sanyi awa biyu zuwa uku, kada a juya. A ci da dafaffen dankalin Turawa. Har rana suka ware masa, Alhamis ta ƙarshe a watan Satumba, lokacin da tumakinsu ke saukowa daga kiwon duwatsu da ƙiba.

Na yi shi washegarin Babbar Salla da wuyan ragon layya, na sa masoro a madadin yajinsu, na ɗora a kan garwashi tun hantsi. Ƙamshin ya cika tsakar gida. Da aka kai wa surukata nata kwano, ta kurɓi romon ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "'Yar nan, naman ya dahu, Allah ya yi albarka. Amma mutanen nan me suka yi wa barkono da ba su san shi ba?" Yara suka fashe da dariya, aka kawo dakakken yaji, kowa ya barbaɗa. Tun daga nan ya zauna a gidanmu da sunan farfesun kabeji, kuma na lura wuya ɗaya yana ciyar da mutum goma in kabeji ya sha romonsa, abin da suya ba ta yi.

Kayan zaƙinsu kuwa ba su ba ni wahala ba ko kaɗan. Akwai wani kunu mai kauri da suke kira risgrøt: a dafa shinkafa kofi ɗaya da ruwa kaɗan, a zuba madara kamar kofi biyar, a yi ta juyawa a wuta mai sanyi kusan minti 45 har ta narke, a zuba a kwano, a yi rami a tsakiya a sa man shanu, a barbaɗa sukari da kirfa. Al'adarsu su ɓoye ƙwayar almon guda a cikin tukunya, wanda ya tsince ta a kwanonsa ya samu kyauta. Ni da madarar da Fulanin bayan gari ke kawowa nake yi, in ɓoye gyaɗa guda, wanda ya same ta an ɗauke masa wanke-wanke ranar. Autana kan cinye kwano biyu don neman gyaɗar nan. Duk wanda ya san kunun gyaɗa da shinkafa, ya san ɗan'uwan wannan abinci.

To, me ya sa na ɗauki alƙalami a kan tukunya? Domin abin da na gani a girkin mutanen nan shi ne tanadi. Ƙasarsu damina gajera ce, hunturu dogo, wanda bai shanya ba, bai gishirta ba, bai kyafe ba, ba zai ga bazara ba. Mu ma haka iyayenmu suka rayu, da damina ta wata huɗu da rani na wata takwas. Sun san a yanyana nama sirara a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa, ya zama kilishi. Sun san dambun nama, da soye da ake binnewa cikin kitsensa ya kai wata da watanni. Sun san kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, daddawa, da bandar da ake kawowa daga Baga a bakin Tafkin Chadi. Iskar hunturunmu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana yin aikin da iskar Lofoten ke yi, kuma ita ma kyauta Allah ya ba mu.

Bambancin shi ne su sun riƙe nasu, sun tsara masa daraja-daraja, sun koya wa 'ya'yansu, har Norwe ta samu man fetur a 1969 ba ta sauke ragayar kifinta ba. Mu kuwa da firji ya shigo sai muka fara jin kunyar igiyar shanya. Na tambayi 'yan matan ajina na ƙarshe su nawa suka iya tatsar ruwan toka, hannu uku ne suka tashi. Na tambayi su nawa aka zubar da naman Salla a gidansu ko maƙwabtansu saboda wuta ta ɗauke kwana biyu, hannuwa suka yi yawa har na daina ƙirga. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan layya tana faɗowa a bakin damina, kamar ta 2025 da ta zo a farkon Yuni, lokacin da iska ke da laima, nama ba ya bushewa da sauri, sai wadda ta san ta haɗa shanya da hayaƙi da suya. Magidanci ya yi shekara yana tara kuɗin rago, a kwana uku rabinsa ya yi wari. Wannan asara ce ta dukiya, kuma asara ce ta abin gina jikin yaran da wataƙila ba za su sake ganin nama da yawa ba sai wata shekara.

Bandar Baga ma ta yi tsada tun da rikici ya tarwatsa garin a Janairun 2015, kifin madatsar ruwa ta Zobe kuwa ba kullum yake isowa ƙauyukanmu ba. Sai ga mu muna jiran kifin ƙanƙara na kwali, wanda ya keto teku ya hau tirela daga Legas, wani lokaci ya narke ya sake daskarewa kafin ya iso hannun mai tebur. Tsakanin wannan da busasshen kai da ba ya tsoron ɗaukewar wuta, na san wanda zan ba ɗana da kwanciyar hankali.

Shi ya sa yanzu in na ɗora farfesun kabeji, nakan kira 'yata ta zauna kusa, amma kafin ta koyi jera kabeji sai ta koyi riƙe wuƙa ta yanyana tsoka ta yi sirara har haske ya ratsa ta. Surukata ce malamar wannan darasi, ni ma ɗaliba ce a gabanta. Tsofaffin da suka san waɗannan dabaru suna nan a kowace unguwa ta Tafashiya, suna zaune a kan tabarma ba mai tambayarsu, kuma kowace shekara muna raka wasu makwanci da iliminsu. Marubutanmu da ke tattara karin magana da waƙoƙin daka, ina roƙon su haɗa da wannan, su zauna da iyayen nan su rubuta yadda ake yi, awo da lokaci da irin iccen da ya dace da kyafi. Don gobe ake wanke tukunya. Allah ya ba mu ikon tanadi, ya sa albarka a abin da muke ci.