Yaron Da Aka Kashe Yana Da Suna



Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Duk ranar da aka kashe matashi muka ɗauki alƙalami, wa'azi ne ke fitowa: tarbiyya ta lalace, iyaye sun yi sake, hukuma ta yi barci. Mukan cika shafi uku ba mu faɗi ko wane aji yaron yake ba, balle abin da ya ce wa mahaifiyarsa da zai fita.

Abin da ya sa muka tsaya kan salon Gary Younge ke nan, ɗan jaridar Birtaniya da ya daɗe yana rubuta sharhi a jaridar Guardian, ya kuma yi shekaru yana aiko da rahoto daga Amurka. Ya ɗauki rana ɗaya tak, Asabar 23 ga Nuwamba 2013, ya bi sawun yara da matasa goma da harsashi ya kashe a ƙasar a ranar. Ƙaraminsu ɗan shekara 9, babbansu 19, dukkansu maza. Aikin ya fito a littafi a 2016, Another Day in the Death of America.

Dabararsa ta farko tana cikin zaɓen ranar. Bai ɗauki harin makarantar Sandy Hook na 2012 da duniya ta ji ba. Ya ɗauki ranar da ta wuce shiru, don mai karatu ya gane cewa abin tsoron shi ne an saba.

Ta biyu, sunayen yaran ne kan babobin littafin. Ya je garuruwansu, ya zauna da dangi da abokan da suka yarda su yi magana, ya nuna mana rayuwa kafin ya nuna mutuwa. Akwai ɗan shekara 11 a karkarar jihar Michigan da ya je kwana gidan abokinsa, abokin ya harbe shi da bindigar gidan. Akwai kuma wanda ya shiga daba. Younge bai ɓoye hakan ba, bai kuma mayar da shi hujjar kisan ba.

Ta uku, ba ya gaggawar yanke hukunci. Talauci, wariyar launin fata da sauƙin samun bindiga duk suna cikin rubutun, amma a jingine da labarin yaro guda da mai karatu ya riga ya sani. Shi ya sa hujjar take zama a zuciya.

Mu ma muna da namu: faɗan daba, ƙwacen waya, 'yan bindiga. Kafin mu sake rubuta cewa matasa sun lalace, mu tashi mu je gidan makoki, mu yi gaisuwa, mu saurara. In an ba mu izini, mu fara da yaron. Wa'azin ya jira sakin layi na ƙarshe, in ma akwai buƙatarsa.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.