Kafin a Canza Hannu

Yaran da ke koyon mota yanzu a Bauchi ba su san an yi zamanin da direba zai ɗauko lodin dawa daga ƙasar Zungur, yana zaune a ɓangaren dama na motarsa, ya kama gefen hagu na hanya har ya shiga gari ta wajen Wunti, kuma shi ne mai bin doka. Haka Ingila ta bar mana, haka aka yi ta tafiya har ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka wayi gari duk ƙasar ta koma dama. Dattawa har gobe da wannan shekarar suke lissafi: an haifi wane shekarar canjin hannu, wance ta yi aure tsakanin canjin hannu da canjin kuɗi, wato kafin naira ta fito a farkon 1973.

Amma akwai wasu direbobi 'yan kaɗan da ranar ba ta zo musu da baƙon abu ba. Su ne 'yan ƙetare, masu lodin Nijar da Kamaru da Chadi. Su sun daɗe suna canza hannu, sai dai a bakin iyaka suke yi, ba a rediyo aka sanar da su ba.

A duba hanyar gabas, wadda ita ce tamu, tunda daga 1967 zuwa 1976 Bauchi lardi ce a Jihar Arewa maso Gabas, hedikwata kuma Maiduguri. Direba zai bar Bauchi a hagu, ya bi Darazo da Fataskum da Damaturu, ya kwana Maiduguri, ya nufi Dikwa har Gamborun Ngala. Da ya haye gada ya shiga Fotokol, ƙasar Kamaru ke nan, sai dama, domin Faransa ce ta shimfiɗa dokar wurin. A dama zai isa Kusiri, ya jira jirgin fito ya tsallakar da motar zuwa Fallomi, wadda aka mayar wa suna Injamena a 1973. Gadar Ngeli sai a 1985 aka samu. Yawanci a Fallomi ake sauke kaya a juyo. Wanda kuwa tafiya ta zarce da shi Abashe har Adire, to yana shiga Janaina ta Sudan sai ya koma hagu, saboda su ma rainon Ingila ne, ba su bar hagu ba sai 1973. Wannan ita ce hanyar da maniyyatan ƙasa suka bi shekara da shekaru, a kan buhuna a bayan mota, zuwa Ubayyid ko Niyala inda jirgin ƙasa zai kwashe su ya nufi bakin Bahar Maliya.

Faɗin canza hannu ya fi yinsa sauƙi. Motar Bedford ce ko Austin mai bodin katako, sitiyarinta a dama. Da an koma gefen dama na hanya, direba ya zama shi ne a bakin daji, tsakiyar hanya kuma ta koma wajen kujerar da ba kowa a kanta sai yaron mota. Idan akwai mota a gaba tana tuƙa ƙura, direba ba ya ganin abin da ke tahowa. Sai yaron ya leƙa kai ta taga, rawani a hanci, ya ce, "Maigida, dakata, akwai mai zuwa," ko ya bugi ƙofa ya ce, "Shiga, ba kowa!" Ran mutum talatin a bakin yaro ɗan shekara goma sha bakwai. Shi ya sa ba kowane yaro ake ɗauka tafiyar ƙetare ba, kuma wanda aka ɗauka ya san an fara yarda da shi. Ga agogon mota yana ƙirga mil, allunan bakin hanya suna ƙirga kilomita. Wani tsohon direba a garinmu ya taɓa ce mini ba tsakar rana ake yin kuskure ba, da asuba ne, bayan an yi salla an sha shayi, hanya fayau ba mota: hannu da kansa yake komawa inda ya saba. Shi ƙyalle ja yake ɗaurewa a madubin dama, ya kwance shi ran da ya dawo Gamboru.

Sai takardu. A cikin ƙaramin akwatin ƙarfe suke zama, ƙarƙashin kujera, an naɗe su da leda ko tsumma saboda ƙura da gumi. Akwai lasin gida, akwai takardun mota da inshora, akwai takardar shigar da mota ta ɗan lokaci wadda kwastan na can ke bayarwa, sannan ga wani ɗan littafi mai bango ruwan toka, da hoton direba an buga masa hatimi a gefe. Shi ake kira lasin ƙetare. A bayan motar kuma a manna farin tambari mai siffar ƙwai da haruffa uku baƙaƙe, WAN, alamar cewa daga Nijeriya ta fito; ta Nijar RN ce.

Wannan ɗan littafi ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ƙasashe ne suka zauna a Faris a 1926, suka sake zama a Janeba a 1949, sannan a Biyana a 1968, suka yarda da fasali guda wanda ɗan sandan kowace ƙasa zai gane. Na tsarin Janeba shekara ɗaya yake yi, na Biyana yana iya kaiwa uku, muddin lasin gida bai riga shi mutuwa ba. Nijeriya ba ta shiga yarjejeniyar Biyana ba sai 2018. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: sunan mutum, inda aka haife shi da ranar, da irin motar da aka yarje masa ya tuƙa, an maimaita shafi bayan shafi cikin harsuna daban-daban. Tafinta ne kawai. Jandarma ba ya jin Turancin Ingilishi, direba ba ya jin Faransanci, sai littafin ya tsaya a tsakani ya ce ga abin da lasin wannan bawan Allah yake faɗi. Idan babu lasin gida a hannu, littafin ba shi da abin da zai fassara, kuma a cikin ƙasar da ta bayar da shi ba ya aiki ko kaɗan.

Tsofaffin nan, waɗanda yawancinsu ko sunansu da boko ba sa iya karantawa, sun fahimci wannan fiye da 'yan bokon yau. Kullum biyun a haɗe suke miƙawa, na gida a sama. Dalili shi ne sun san da me suka sayi na gidan. Yaro zai yi shekaru yana wanke mota, yana ɗora waigi a bayan taya a kan tudu, yana juya hannun tayar da inji har kafaɗa ta yi tsami, kafin maigida ya bar shi ya matsar da mota a cikin tasha. Sai an ga hankalinsa ya zauna a kai shi gwaji, mai duba tuƙi ya zauna kusa da shi, ya sa shi ya tsaya a hawa ya tashi ba tare da motar ta zame ba, ya sa shi ya shiga tsakanin ganguna da baya. Ana faɗuwa, kuma ba abin kunya ba ne a koma. Ranar da aka ci, har gida ake zuwa barka.

Kada dai a ɗauka zamanin na waliyyai ne. Na goro ya girmi canjin hannu. Kuma a hanyar arewa, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Kwangwalam zuwa Damagaram, sau da yawa littafin bai ma fito daga akwati ba, domin jandarman Bahaushe ne ko ya iya Hausa, ya san maigidan motar, ya san wanda za a sauke wa kaya. A gaisa, a tambayi iyali, a ɗaga sanda. Takarda ta fi amfani inda ba a san ka ba, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, aka buge akuya ko, Allah ya kiyaye, mutum. A nan ne wanda ba shi da ita yake kwana a ɗaure, mota ta yi wata a ofishin jandarma.

Wannan matsalar ta haɗari a ƙasar wani ita ce ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta nemi magancewa da katin inshora mai ruwan ƙasa da aka amince da shi a Kwatano a 1982, bayan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza ta 1979. Da katin, inshorar da ka yanka a gida za ta biya wanda ka yi wa ɓarna a Nijar ko Binin ko Gana. Mu mutanen hanyar gabas bai tsinana mana da yawa ba, tunda Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar. Ita ma Nijar ɗin, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice a Janairun 2025.

Daga baya harkar ta sake fuska. Jirgin sama ya ɗauke maniyyata, aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988 da Wole Soyinka a shugabancinta, lasin ya tashi daga ɗan littafi ya zama kati iri ɗaya a duk ƙasa, a 2011 kuma aka shigo da mai ɗaukar zanen yatsa. Matasan da a da za su bi babbar mota sai suka koma ɗauko ƙananan motoci 'yan Kwatano, a bi da su ta Nijar a gangaro, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga farkon 2017. Iyakokin ma an rufe su a 1984, an sake rufewa a Agustan 2019, ta Nijar kuma an ƙara rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Yanzu mai tambayar lasin ƙetare ba direban lodi ba ne. Ɗalibi ne zai tafi Ingila, ko saurayi da aka yi wa alkawarin aikin tuƙi a Saudiyya. Kuma abin da na lura, da yawansu sun ɗauka wani babban lasin ne da ya fi na gida daraja, wanda in ka mallake shi duniya ta buɗe. Har akwai masu tallarsa a intanet, su karɓi kuɗi su turo kati mai ƙyalli wanda ba wata hukuma a bayansa. Gaskiyar kuwa ba ta canza ba tun zamanin Bedford: takardar baƙo ce, ta mai wucewa. Wanda ya je zama, ƙasar za ta nemi ya yi nata. A Ingila wata 12 ake ba mutum ya yi tuƙi da lasin da ya zo da shi, daga nan sai ya nemi na koyo, ya ci jarrabawar ƙa'idoji, ya ci ta kan hanya. Suna da jerin ƙasashen da ake musanya lasinsu kai tsaye ba gwaji. Afirka ta Kudu da Zimbabuwe na ciki, mu ba ma ciki.

Ba na jin haushinsu a kan haka kamar yadda nake jin namu. Duk mun san mutumin da lasinsa ya same shi a gida, bai taɓa zama kusa da mai gwaji ba, wanda ya fara koyon baya da mota bayan kati ya shiga aljihu. Irin wannan ne zai sauka a Landan ya tarar da sitiyari a dama, hanya a hagu, shataletale yana juyawa ta inda bai saba ba, ga mai gwaji yana kallon ko ya duba madubi kafin ya ba da sigina, kuma kuɗin jarrabawar da fam ake biya duk zuwa.