Inda Hanyar Gwanja ta Ƙare

Ɗan Kano ya saba da ruwan da ake hango tsallakensa. Kogi ne ko tafki, ido yakan kai ɗaya gaɓar. Shi ya sa da Baba ya ce zai kai mu hutu bakin tekun Ghana, a matsayin tukuicin kammala digirina, babu abin da muka ɗokanta kamar ganin ruwan da ba shi da iyaka.

Daga Akra muka miƙa yamma, muna yada zango a Winneba da Anomabo. Kowane gari da jerin kwale-kwalensa masu launi iri-iri, mata suna banda kifi, hayaƙi yana tashi tsakanin bishiyoyin kwakwa. Ranar Talata masunta ba sa shiga ruwa. A bakin gaɓa suke wuni suna ɗinke komarsu. Baƙunci bai dame mu ba, domin kusan ko'ina akwai unguwar zango. Da safe mukan sayi koko da ƙosai, mai sayarwa tana gaishe da Umma da Hausa. Baba kuwa sai murna, yana ba mu labarin kakansa bafatake, wanda ya yi ta safarar goro daga Gwanja.

A Elmina ne murnar ta yi sanyi. Can muka shiga katafaren ginin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, Turawan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A ƙasa akwai kurkuku mai duhu inda ake tsare bayi. A sama akwai ɗakin gwamna, mai iska da haske. Daga barandarsa yakan leƙo farfajiyar da ake tara mata. Can ƙurya kuma akwai wata siririyar ƙofa mai fuskantar teku, wadda duk wanda ya fita ta cikinta ya yi sallama da ƙasarsa.

Na san daga karatu cewa Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja, ita ce kuma kasuwar bayi. Na san akwai Hausawa cikin bayin da suka yi tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1835. Ke nan muna cikin waɗanda aka sayar, muna kuma cikin 'yan kasuwar. Sai na ce, "Baba, goro kaɗai fatake suke ɗaukowa?" Ya daɗe yana kallon bangon kafin ya ce, "Allah ne masani, ɗana. Amma hanyar ɗaya ce."

Mu mutane ne masu alfahari da asali. Muna haddace sunayen kakanni, muna yabon fataucinsu da jarumtarsu, amma muna tsallake wannan babi. Har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda an ce wane jikan bawa ne. Wanda ya tsaya a wannan kurkukun, ya ji yadda numfashi yake yi wa mutum wuya, zai ji nauyin sake furta kalmar a matsayin gori.

Umma ba ta ce komai ba. Ta ɗaga hannuwa ta yi addu'a ga waɗanda ba ta san sunansu ba, mu kuma muka shafa.