Daga Tanja zuwa Nuwadibu: masu ofis a cikin mota

Tsofaffin ƴan kasuwar Agadas da Tawa ba su manta da shekarun 1970 da 1980 ba, sa'ad da samarin Turawa ke ratso Sahara ta Tamanrasat, In Gezam da Asamaka cikin tsofaffin Peugeot 504, su sayar da motar a Arlit ko Yamai, su koma gida a jirgi. Rikicin Aljeriya da ya ɓarke a 1992 da tawayen arewacin Nijar suka kashe wannan hanya. Yau masu gangarowa Afirka da mota sun koma bakin tekun Atalantika, kuma a cikinsu akwai wani sabon iri: ma'aikatan da motar ita ce ɗakin kwanansu, ita ce ofishinsu.

Aikinsu duka cikin kwamfuta yake. Wani fassara yake yi, wani zane, wani lissafin kuɗin wani kamfani da ke Liyon ko Hambur. Albashi na shiga banki a Turai, mai shi yana kwance gindin dutse a Maroko. Abin ya yawaita bayan annobar korona ta 2020, da kamfanoni suka gane ana iya aiki ba a zo ofis ba. Istoniya ta fito da biza ta musamman domin irin waɗannan mutane a 2020, Fotugal ta bi a 2022, Sifaniya a 2023.

Tafiyar tana farawa a Aljesiras, inda jirgin ruwa ke ɗaukar motoci ya sauke su a tashar Tanja cikin awa ɗaya da rabi ko biyu. Mutumin Faransa ko Jamus ko Ingila yana shiga Maroko ba biza, ya zauna kwana 90. Motarsa kuma duwan na ba ta wata shida. Ga ƴan Ingila abin ya zama dole: tun 2021, bayan ficewarsu daga Tarayyar Turai, kwana 90 kawai ake yarje musu cikin kowane 180 a ƙasashen Shengen. In wa'adi ya cika sai a ƙetare ruwa. Cin rani ke nan, sai dai su hunturu ke koro su, ba yunwa ba.

Matattararsu ita ce Tagazut, ƙauyen masunta kimanin kilomita 20 arewa da Agadir. Can ne mai kallo zai fahimci cewa yawon nan yana da linzami. Motar tana da faranti mai zuƙar hasken rana a kan rufinta, da batir, da tankin ruwa da ba ya wuce ƴan kwanaki. Kamar yadda makiyayi ke auna zango da rijiya, haka su ke auna shi da rezo. Wuri komai kyawunsa, in waya ba ta kamawa, ba a kwana ranar Lahadi, domin Litinin da safe maigida na jira a ɗaya gefen teku. Agogon Maroko da na Turai ba su da wata tazara mai yawa, shi ya sa aikin ke yiwuwa. Daga safe zuwa la'asar mutum na zaune a ƙuntataccen ɗaki, ya rufe labule don hasken rana, teku na ruri a waje bai ko duba ba. Wanda ya ce hutu suke yi bai leƙa ciki ba.

Mutanen ƙauyen sun samu, sun kuma rasa. Makanike, mai burodi da mai sayar da katin waya suna ciniki. Amma gidan da ɗan masunci zai hayata ya yi aure ya zama masaukin baƙi, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunsa. Wanda ake biya da kuɗin yuro, kowane ɗaya sefa 656, ba ya taya kaya yadda ɗan gari ke tayawa.

Mafi yawansu nan suke tsayawa. Masu ƙarfin hali su kan miƙa kudu, kusan kilomita 1.200 zuwa Dakla, tazarar da ta zarce Yamai zuwa Damagaram nesa ba kusa ba. Hamada a hagu, teku a dama, iska ba ta sarari. Wannan yanki shi ne Yammacin Sahara, wanda Maroko ke riƙe da shi, ƙungiyar Polisario na ja. Saboda haka shingayen jandarma sun yi yawa, matafiyi kan tanadi takardu masu ɗauke da sunansa da lambar fasfo ya riƙa miƙawa. Gazuwal ya fi araha a can. Daga Dakla sai iyakar Gergerat, inda motar mai ofis ke shiga layi ɗaya da manyan kamiyo masu kai tumatir da lemu kasuwannin Nuwakshot da Dakar.

Nuwadibu, garin farko a Moritaniya, tashar kifi ce da ƙarfe: nan jirgin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita biyu ke sauke tama daga Zuwerat. Nan kuma hanyoyi biyu ke gamuwa. A gaɓar da baƙon ke kafa kujerarsa ya buɗe kwamfuta, daga nan kwale-kwale ke tashi da dare zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 800 a buɗaɗɗen teku. A 2024 mutum sama da 46.000 suka isa tsibiran ta ruwa, da yawansu ƴan Mali da Senegal, ban da waɗanda teku ya ci. Su ma aiki suke nema. Ɗan Nijar da ya so bin ƙofar gaba, kuɗin neman bizar Shengen tun 2024 yuro 90 ne, wajen jika 59, kuma in an hana shi ba a mayar masa ko dala.