Makaranta a Teburin Kicin: Abin da Na Gano a Manchester

Tun kafin in bar Kano labari ya karaɗe dangi cewa matar ƙanena ta cire 'yarsu daga makaranta a Ingila. Kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce korar yarinyar aka yi ana rufa mana, wasu suka ce uwar ce ta ɗauko wata aƙida. Da na je sallama, Hajiyarmu ta riƙe hannuna ta ce, "In kin je ki buɗe ido da kyau. Mutum ya kai 'ya'yansa har ƙasar Turawa, sannan a ce yarinya tana zaune a gida?" Ni malamar makaranta ce, na daɗe ina koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma duk ɗalibar da aka taɓa cirewa daga ajina, in ba talla ba to ɗakin miji. Da wannan nauyi a raina na sauka Manchester, tsakiyar hunturu, lokacin da ƙarfe huɗu na yamma duhu ke fara rufawa.

Yarinyar shekarunta 14. Na same ta lafiya lau, ta yi tsawo, ta tare ni da "Gwaggo, sannu da hanya" cikin Hausarta mai ɗan karkata. Sai da dare ya yi, kowa ya kwanta, uwar ta zaunar da ni ta warware mini zancen.

"Yaya, wata da watanni kullum da safe sai ta ce cikinta na murɗawa, wani lokaci har da amai. Ranar Asabar da Lahadi kuwa garau. Mun yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Ashe wasu 'yan ajinsu ne suka buɗe zaure a waya suna sa hotunanta suna yi mata dariya. A tashi makaranta, abin ya biyo ta har kan gadonta."

Ta kai ƙara, aka kira taro, aka yi alkawura, abin ya lafa na mako biyu ya dawo. Likita ya tura su sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara, aka ce su shiga layi, layin kuma na watanni ne. Ana cikin haka wasiƙu suka fara zuwa a kan yawan fashin yarinyar. A Ingila fashin makaranta ba tare da izini ba tara gare shi: tun daga watan Agustan 2024 fam 80 ne a kan kowane mahaifi, in aka wuce kwana 21 ba a biya ba ya zama 160. "Na ga ina tura ta wurin da ke kashe ta a tsaye don kawai kada a ci ni tara," in ji ta. "Ranar da na same ta zaune a ƙasan banɗaki da yunifom a jikinta, ta kasa tashi, ranar na ce wa Abbanta ya isa."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauƙin fitar. Wasiƙa guda suka rubuta wa shugaban makarantar cewa za su ci gaba da ilmantar da 'yarsu a gida, aka cire sunanta daga rajista, makarantar ta sanar da hukumar birni, shi ke nan. Dokar ilimi ta 1996, sashe na 7, a wuyan iyaye ta rataya alhakin: wajibi ne su ba ɗansu cikakken ilimi wanda ya dace da shekarunsa da basirarsa da duk wata buƙata ta musamman da yake da ita, ko ta hanyar tura shi makaranta ko ta wata hanyar. Wato ilimin ne tilas, daga shekara 5 zuwa 16, zuwa makarantar kuwa zaɓi ne. Wannan tanadi ya samo asali tun daga dokar 1944. Ba a tambayar uwa takardar shaidar koyarwa, ba a tilasta mata bin manhajar gwamnati, ba a ƙayyade mata sa'o'i. Maƙwabtansu ba haka suke ba. A Jamus haramun ne, a Faransa tun 2022 sai an nemi izini, ko a Sukotland da ke cikin Birtaniyar sai hukuma ta amince kafin a cire yaro daga makarantar gwamnati.

Amma ranar da ka miƙa wannan wasiƙa, gwamnati ta zare hannunta daga aljihunta. Littafi, malami, kuɗin jarrabawa, duk naka ne.

Na zauna na ga yadda yininsu ke tafiya. Bayan ƙannenta biyu sun tafi firamare, wajen ƙarfe tara, ake share teburin kicin a baza littattafai. Waya tana cikin aljihun tebur har azahar, kuma wannan doka ta hau kan uwar ma. Akwai jadawali manne a jikin firiji, an soke an sake rubutawa har ya yi baƙi. Wata safiya darasin kimiyyar sinadarai ne. Yarinyar ta yayyanka jan kabeji ta tafasa, ta tace ruwan mai launin shuɗi-shuɗi ta rarraba a kofunan gilashi. Ta matsa lemon tsami a na farko, nan take ya koma ja. Sai ta waiwayo ta ce, "Gwaggo, ina kanwar da kika kawo mana?" Ta jiƙa 'yar kaɗan ta zuba a kofi na biyu, ruwan ya juye kore muna kallo. Ta jawo littafinta ta rubuta abin da ta gani, sannan ta shiga yi mini bayanin dalilin da ya sa kanwa ke kashe tsamin abu. Na shekara da shekaru ina ganin ana koyar da wannan darasi da alli kawai, ɗalibai saba'in a aji suna haddacewa. Ban ɓoye wa uwar ba, idona ya ciko.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum haka ake. Kwana biyu bayan nan, a kan lissafin aljabara, na ga ɗaya fuskar. Uwar ta yi bayani, yarinyar ba ta gane ba, ta sake, murya ta fara tashi. Yarinyar ta ture littafin ta ce, "Umma, ke ma ba ki iya ba," ta haye sama ta rufe ƙofa. Uwar ta zauna shiru, hannunta na rawa a kan biro. Can ta ce, "Yaya, ku in ɗaliba ta ɓata muku rai, ana buga ƙararrawa kun rabu. Ni kuwa yanzu zan tashi in ɗora mata abincin rana." A nan na ga ainihin wuyar abin. Budurwa mai shekara 14 lokacinta ne na ja da uwarta, tana neman inda za ta tsaya da ƙafarta, ga shi uwar ce malamar lissafi, ita ce mai duba aikin gida, ita ce mai ƙwace waya. Ba inda ɗaya za ta huta da ɗaya. Daga baya sun ɗauki malamin lissafi da ke koyar da ita awa guda a mako ta intanet, don kawai a raba wannan faɗa da teburin cin abinci.

Uwar nas ce. Ta ajiye aikin rana, ta koma kwanan asibiti a ƙarshen mako, albashinta ya ragu sosai, ƙarin girman da take hange ya wuce ta. Ƙanena yana dawowa da yamma ya karɓi darasin Alƙur'ani da na kwamfuta. Hutun da suka saba zuwa gida duk bayan shekara biyu an ɗage shi.

Sai maganar jarrabawa, wadda ita ce ke hana iyayen irin waɗannan yara barci. A Ingila ɗalibi na rubuta GCSE yana ɗan shekara 16, sakamakon daga 9 zuwa 1, kuma da shi ake shiga kwaleji. Ɗan makaranta kyauta yake rubutawa. Wanda ke gida kuwa sai ya shiga a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, kusan yadda namu ke yi wa WAEC rajista daga waje. Iyaye ne za su nemo cibiyar da za ta karɓe shi, su biya kowane darasi daban, kuma darasi guda yakan haura fam ɗari, wani ma ya ninka haka. Yawancinsu suna zaɓar nau'in da ake kira IGCSE, na hukumar Cambridge ko Pearson Edexcel, saboda a darussa da yawa rubutacciyar jarrabawa kaɗai ta wadatar, ba sai malamin makaranta ya sa hannu a kan aikin aji ko na ɗakin gwaji ba. Har yanzu iyayen ba su manta da 2020 ba, shekarar da korona ta sa aka soke jarrabawa aka ce malamai su ƙiyasta wa ɗalibansu maki. Yaran gida da yawa ba su da malamin da zai ƙiyasta musu, suka tashi a tutar babu. Dabarar matar ƙanena ita ce rarrabawa: darasi biyu bana, uku baɗi, sauran a shekarar ƙarshe, don kuɗin da fargabar kada su taru lokaci guda.

Tambayar da na fi matsa mata da ita ita ce ta ƙawaye. Yarinyar da aka cuta a cikin mutane, in aka killace ta, ai tsoron mutanen ne zai girma. Maimakon amsa, ranar Alhamis ta ce in shirya. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa wani zauren unguwa da iyaye ke haɗa kuɗi su kama haya. Matasa kusan ashirin, wasu na wasan kwaikwayo, wasu sun kewaye taswira suna shirin tafiyar ƙafa ta lambar yabon Duke of Edinburgh, wadda ake fara nema daga shekara 14. Iyayen, kusan duka mata, suna gefe da kofunan shayi. Akwai Baturiyar da ɗanta ke da lalurar galahanga, ta ce ta gaji da jiran tallafin da ba ya zuwa. Akwai 'yar asalin Pakistan, akwai wata da 'ya'yanta ba su taɓa taka makaranta ba don ra'ayinta ke nan tun farko. Mafi yawan waɗanda na zanta da su ba zaɓa suka yi ba, tura ce ta kai bango. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Ingila sun nuna yara kimanin 111,700 ne ke karatu a gida a ƙarshen 2024, daga 92,000 shekara guda kafin nan, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin manyan dalilan da ake bayarwa.

Daga can muka biya babban laburaren birnin da ke dandalin St Peter. Yarinyar ta shiga kamar gidansu, ta mayar da littattafai ta ɗebo wasu, ko sisi ba ta biya ba. Gidan tarihin da ke titin Oxford shi ma kyauta ne, can take zuwa darasin halittu. Na riƙa lissafawa a raina: wutar da ba ta ɗaukewa, intanet mai ƙarfi, laburare, motar haya da budurwa za ta shiga ita kaɗai ta dawo lafiya, uwa mai digiri, uba mai albashi. A kan waɗannan duka teburin kicin ɗin nan yake tsaye.

Wuri guda na saɓa da matan zauren. A watan Agustan 2023 aka tsinci gawar Sara Sharif, 'yar shekara 10, a gidansu da ke garin Woking. Watanni kaɗan kafin nan an cire ta daga makaranta da sunan karatu a gida, bayan malamai sun ga tabo a jikinta. A Disambar 2024 kotu ta samu mahaifinta da matarsa da laifin kashe ta, kuma a watan ne gwamnati ta gabatar wa majalisa ƙudurin da ya ƙunshi yi wa duk yaran da ba sa makaranta rajista. Matan sun fusata da wannan. Suka ce hukuma ta san da Sara tun tana jaririya ta kasa kare ta, yanzu kuma za a shafa wa iyaye dubu ɗari kashin kaji saboda mugunta ta mutum biyu. Na fahimci zafinsu, amma ban bi su ba. Na koyar da yaran da malama ce kaɗai babbar da ke kallon fuskarsu da idon rahama a yini. In aka ɗauke yaro daga gaban wannan ido, dole wani idon ya maye gurbinsa. Matar ƙanena tana tsakiya. Duk shekara jami'ar hukumar birni na aiko da wasiƙa, ita kuma ta rubuta rahoton abin da suka karanta ta aika. "Ba ni da abin ɓoyewa," in ji ta, "amma da za su zo da taimako yadda suke zuwa da tambaya, da na fi murna."

Ana gobe zan taso na tambayi yarinyar ko tana kewar makaranta. Ta yi jim, ta ce tana kewar ƙwallon raga da wata malamar tarihi. Ta ce in ta kai 16 kwaleji za ta shiga ta yi A-level, don harhaɗa magunguna take son karanta. "Amma Gwaggo, yanzu in na farka da safe cikina ba ya ciwo."

Hukuncina shi ne iyayen nan sun yi daidai, kuma sun biya shi da tsada. Sai dai ina roƙon wanda ya karanta wannan kada ya ɗauke shi hujjar zaunar da 'yarsa a gida yana cewa ai ko a Ingila ana yi. Duk wanda ya faɗi haka, a tambaye shi jadawalin karatunta, da wanda ke koyar da ita, da ranar da za ta zauna jarrabawa. 'Yan'uwana malamai da iyaye mata kuwa, in yarinya tana kukan ciwon ciki duk safiyar makaranta, ranar hutu kuma ta tashi garau, kafin a ce lalaci ne, a ja ta ɗaki a rufe ƙofa a tambaye ta wa ke taɓa ta.